An Buɗe Jijiya, Saura Mai Jijiyar

Cikin ayyukan asibiti na wannan zamani, da wuya a samu wanda saurinsa ke ruɗar mutane kamar aikin buɗe jijiyar zuciya. Mutum ya shiga ɗakin aiki da safe yana dafe da ƙirji, kafin azahar an fito da shi yana magana, ba yanka ba ɗinki, sai ɗan huji a wuyan hannu. Washegari, wani lokacin ma a ranar, a sallame shi. 'Yan uwa su yi hamdala, a buga wa na nesa waya a ce an yi aiki, an gama lafiya. Ni kuwa ina ganin a nan ne ake fara kuskure, domin abin da aka gama shi ne gyaran wuri ɗaya a jijiya. Cutar da ta toshe wurin tana nan, kuma mutumin da aka mayar gida ba shi ne wanda ya bar gida ba, a jikinsa da kuma a ransa.

Zuciya, duk da jinin da take harbawa dare da rana, ba ta shan wanda ke wucewa ta cikinta. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a bayanta suna shayar da tsokarta, manyansu guda uku, faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangonsu, hawan jini da ciwon suga da hayaƙin taba suna ƙara rura abin, har hanya ta tsuke. In tsukewar a hankali ta zo, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau bene ko ya yi sauri, ya huta ya ji sauƙi. In kuwa tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa nan take, hanya ta rufe ruf, to bugun zuciya ke nan, kuma tsokar da ke bayan toshiyar tana mutuwa ne minti bayan minti.

A ranar 16 ga Satumba, 1977, a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wani likita Bajamushe mai suna Andreas Grüntzig ya zura siririn bututu mai ɗan balan-balan a bakinsa har cikin jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38, ya hura shi, hanya ta buɗe, mutumin kuma idonsa biyu. Kafin nan, sai dai a tsaga ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya da jijiyar da aka ciro daga ƙafa, tiyatar da René Favaloro ɗan ƙasar Ajantina ya daidaita ta a Cleveland ta Amurka a 1967. Amma balan-balan shi kaɗai yana da aibi: kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa kan sake tsukewa cikin watanni. Shi ya sa a 1986 Jacques Puel a Toulouse ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lausanne suka fara barin wata 'yar raga ta ƙarfe a wurin domin ta tokare bango. Daga 2002 zuwa 2003 aka fito da raga mai ɗauke da magani wanda ke hana nama ya yi tsiro ya rufe ta, sai sake tsukewa ta ragu zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Wannan raga ita ce yau ake sa wa miliyoyin mutane kowace shekara, har da namu da ke zuwa Legas ko Abuja, ko su haura Alƙahira da Indiya.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa mutum kafin ya shiga ba, wato a farke zai kasance. Ɗakin yana da sanyi, gadon siriri ne mai tauri, wata katuwar na'urar ɗaukar hoto tana kewaya kansa tana matsowa dab da fuskarsa. An yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu ko a matsematsi, yana jin likita yana kiran lambobi, a gefe kuma ga allo yana nuna jijiyoyinsa baƙaƙe suna motsi da kowane bugu. In aka tura ruwan da ke fito da jijiya a hoto, sai ya ji ɗumi ya ratsa shi. In aka hura balan-balan kuwa, na 'yan daƙiƙoƙi hanyar ta rufe gaba ɗaya, sai ainihin ciwon ƙirjin da ya kawo shi ya dawo, yana kwance an ce kada ya motsa. Ga likita, wannan aikin rabin awa ne zuwa awa biyu, irin wanda ya saba. Ga majiyyaci kuwa, ya kalli zuciyarsa da idonsa ana aiki a cikinta, kuma da yawa wannan kallon ba ya barin su.

A jiki, abin da ke fara bayyana ƙananan abubuwa ne, amma wanda ba a yi wa bayani ba sai ya firgita. Wurin da aka huda yakan yi baƙi, baƙin ya bazu zuwa gwiwar hannu ko cinya, ya ɗauki mako biyu ko uku kafin ya washe. Ɗan ƙullutu mai tauri a wurin ba abin damuwa ba ne. Wanda ke girma yana harbawa, ko hannu ya yi sanyi ya yi fari, shi ne na komawa asibiti. Tun da Ferdinand Kiemeneij ya fara bin ta wuyan hannu a Amsterdam a farkon shekarun 1990, zubar jini ta ragu sosai, kuma an huta da kwanciya rigingine ta sa'o'i da bin matsematsi ke buƙata. Ruwan hoton nan ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka mai ciwon suga ko mai raunin ƙoda sai an sake duba jininsa bayan kwana biyu ko uku. Sai gajiya, wadda ta fi kamari ga wanda aka yi wa aikin bayan bugun zuciya, domin tsokar da ta ji rauni tana buƙatar makonni kafin ta yi tabo ta daidaita.

Sai kuma ciwon ƙirji, kuma a kansa nake so a tsaya. Mutane da yawa suna jin tsami ko suka a ƙirji a kwanakin farko, saboda an miƙe bangon jijiya da ƙarfi an tokare shi. Irin wannan yakan lafa da kansa. Amma majiyyaci ba shi da yadda zai yi ya bambanta shi da wanda ya kusa kashe shi, in ba a zaunar da shi an koya masa ba. Abin da ya kamata ya fita asibiti da shi a kansa shi ne: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi ko sarƙewar numfashi, wanda ya wuce 'yan mintuna bai sake ba ko da an huta an sa maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ba a jiran gari ya waye da shi. Haka nan ya kamata ya san cewa aƙalla mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin ciwon ƙirji jefi-jefi a shekarar farko duk da ragar tana buɗe, domin akwai ƙananan jijiyoyi da bututu ba ya kai gare su.

Ragar kanta baƙuwa ce a cikin jini. Kafin naman jijiya ya lulluɓe ta, jini yana iya daskarewa a kanta, kuma in hakan ta faru, bugun zuciya ne mai tsanani, sau da yawa mai kisa. Dalili ke nan da ake haɗa wa mutum magungunan tsinka jini guda biyu, asfirin da clopidogrel ko ticagrelor, yawanci wata 6 ga wanda aka yi wa aikin cikin natsuwa, wata 12 ga wanda ya yi bugun zuciya. Babu abin da ya kai daina shan su da wuri haɗari. Kuma dalilan dainawar a wurinmu a fili suke: kuɗin magani ya gagara, ko wanda aka taho da shi daga waje ya ƙare ba a samu irinsa ba, ko mutum ya ga dasashinsa na jini in ya yi asuwaki, ko za a cire masa haƙori aka ce ya dakata, ko kuwa kawai ya ji garau ya ce ai ya warke. Na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro, domin jin daɗin jiki ne da kansa ke yaudarar mai shi.

Tsinkakken jini kuma yana da nasa sharaɗin. Mai shan waɗannan magunguna bai kamata ya je wurin wanzami a yi masa ƙaho ba sai ya tambayi likitansa. Bai kamata ya aika yaro kyamis a sayo masa diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa ba, domin haɗa su da asfirin na iya huda ciki ya yi ta zubar da jini bai sani ba, sai dai a ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin. Sauran magungunan ma kowanne da halinsa. Ticagrelor yakan sa wasu su ji kamar numfashinsu bai cika ba. Maganin rage kitse yakan sa wasu ciwon tsoka. Masu rage gudun zuciya sukan kawo kasala, wani nau'in maganin hawan jini kuma busasshen tari. Kowanne ana iya canza shi ko a rage. Abin da ba a so shi ne mutum ya yanke hukunci shi kaɗai a ɗaki.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗe ta ba kwana-kwana, domin rashin saninta ne tushen ruɗani mai yawa. In mutum yana cikin bugun zuciya, buɗe jijiya da gaggawa ceton rai ne, babu musu. Amma ga wanda ciwonsa ya tsaya a nauyin ƙirji lokacin wahala, manyan bincike guda biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA wanda ya haɗa mutane sama da 5,000 aka wallafa shi a 2020, sun nuna cewa sa raga bai rage mutuwa ba idan aka kwatanta da shan magani yadda ya kamata. Abin da yake yi shi ne rage ciwo da sauƙaƙa zirga-zirga, kamar yadda binciken ORBITA-2 na Birtaniya ya tabbatar a 2023. Wannan amfani ne na gaske, amma ba shi ne abin da majiyyata ke zato ba. A wani bincike da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka a 2010, kusan tara cikin goma na waɗanda za a yi wa aikin sun ɗauka zai kare su daga bugun zuciya. Abin kamar share kwata ne a ƙofar gida ɗaya alhali unguwar gaba ɗaya ana ta zuba shara: ruwa zai wuce a nan, amma gobe wani wurin ne zai toshe. Bugun zuciya na gaba sau da yawa ba a wurin ragar yake tasowa ba, a wani wurin ne da bai ma tsuke sosai ba a ranar hoto. Maganin kitse, da saukar da hawan jini da suga, da barin taba, su ne ke kula da sauran jijiyar.

Wancan ɓangaren na masu cewa sun warke ke nan. Ɗaya ɓangaren, wanda ba a ganinsa a hoto ko a gwajin jini, shi ne na wanda ya koma gida yana jiran mutuwa.

Da rana yana lafiya, ana ta shigowa dubiya, yana amsa sannu da murmushi. In dare ya raba, gida ya yi tsit, sai ya farka ya ɗora hannu a ƙirji yana ƙirga bugu. Ya ji ɗaya ya yi tsalle, gumi ya keto masa. Ba zai kwanta ta ɓangaren hagu ba. Yana tsoron yin sujada kada ragar ta goce, yana tsoron tari, yana tsoron shiga banɗaki ya kulle ƙofa. Ragar ba ta gocewa, domin an manne ta ne da bango da ƙarfi, kuma cikin watanni nama ya rufe ta; amma wa ya gaya masa? Wani kuma ba tsoro ne ke damunsa ba, komai ne ya fice masa daga rai. Kasuwar da ba ya iya kwana bai leƙa ba, yanzu ko labarinta ba ya so. Abinci ba ɗanɗano, jikoki su shigo ya ji hayaniyarsu ta ishe shi, abu kaɗan ya fusata shi, ko hawaye su zubo masa ba dalili. Mutumin da shekara talatin shi ke ɗauke da gida, yau 'ya'yansa ne suka haɗa kuɗin aikinsa, wataƙila har an sayar da fili, kuma yana lissafin wannan a ransa kullum.

Waɗannan ba tsirarun mutane ba ne. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi bugun zuciya suna kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, wasu da yawa kuma da mai sauƙi. Kusan ɗaya cikin takwas suna nuna alamun firgicin da aka sani ga waɗanda suka tsira daga yaƙi ko haɗarin mota: abin ya riƙa dawo musu a farke da a mafarki, su riƙa gudun duk abin da zai tuna musu, har asibiti da kwalin magani. Kuma abin bai tsaya a rai ba. A 1993 Nancy Frasure-Smith da François Lespérance a Montreal ta Kanada sun bi mutane 222 bayan bugun zuciya, suka tarar masu ciwon damuwa sun fi mutuwa cikin wata shida nesa ba kusa ba. Bincike-binciken da suka biyo baya sun sa haɗarin a kusan ninki biyu. A 2014 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sa ciwon damuwa cikin jerin abubuwan da ke munana makomar mai irin wannan ciwo. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda rayuwa ta fice masa daga rai ba ya shan magani kan lokaci, ba ya motsa jiki, yakan koma wa taba, kuma damuwar kanta tana ƙara gudun zuciya da hawan jini.

Abin da ke ƙara wa namu nauyi shi ne ba su da bakin faɗa. In magidanci ya ce yana jin tsoro, amsar da zai samu ita ce ya yi tawakkali, Allah ya riga ya tashi kafaɗarsa. Masu faɗin haka da alheri suke nufi, amma shi abin da yake ji shi ne ana zargin imaninsa, sai ya yi shiru. Mace kuwa sai a ce raki ne, ko son a kula da ita, alhali mata sun fi maza kamuwa da wannan damuwa bayan ciwon zuciya. Ni ban ga inda tawakkali ya hana a gaya wa likita an kwana uku ba barci ba, kamar yadda bai hana a je a buɗe jijiyar ba tun farko. Magani kuma akwai shi. Binciken SADHART na 2002 ya nuna cewa maganin damuwa mai suna sertraline ba ya cutar da mai ciwon zuciya, zaman tattaunawa da ƙwararre ma yana rage damuwar. Gaskiya ne binciken ENRICHD na 2003 bai nuna cewa wannan kulawa tana ƙara tsawon rai ba. Amma mutumin da ya dawo yana barci, yana cin abinci, yana zama da iyalinsa, bai buƙatar wata hujja bayan wannan.

Iyali ma suna da nasu kuskuren, kuma ƙauna ce ke jawo shi. A hana shi ɗaukar buta, a hana shi zuwa masallaci, a ɓoye masa duk labarin da ba daɗi, ya tashi a ce zauna. Likitoci ma a da haka suke yi: a farkon ƙarni na 20 mai bugun zuciya sai ya yi mako shida a kwance. A farkon shekarun 1950 ne Samuel Levine da Bernard Lown a Boston suka fara zaunar da irin waɗannan majiyyata a kujera, suka ga sun fi murmurewa, hankalinsu ma ya fi kwanciya. Yau abin da aka sani shi ne tafiyar ƙafa tun daga kwanakin farko, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, a guji ɗaukar kaya mai nauyi kusan mako guda saboda wurin huji. A ƙasashen da suka tsara abin, ana sa mutum cikin shirin motsa jiki na kusan wata uku ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kuma an tabbatar yana rage komawa asibiti. Rabin amfaninsa a ganina shi ne mutum ya ga zuciyarsa ta yi gudu, ya yi gumi, bai faɗi ba. Inda babu irin wannan shiri, ɗa ko ƙane da zai riƙa raka shi tafiya bayan la'asar ya fi masa mutum goma da ke zaune suna masa sannu.

Akwai tambayar da kusan kowa ke da ita kuma kusan ba mai yin ta, ta kwanciyar aure. Miji yana tsoro, matar ta fi shi tsoro, kowa ya yi shiru, shirun ya zama zargi. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ne: wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki mai tsanani, yawanci babu laifi. Haɗarin gaske yana wajen maganin ƙarfin maza. Haɗa sildenafil da maganin ƙarƙashin harshe ko danginsa na iya faɗar da jini har mutum ya sume ko ya mutu, kuma an sha gano sildenafil ɗin a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya.

Wanda aka yi wa tiyatar tsaga ƙirji kuwa, nasa lokacin jinyar ya fi tsawo. Ƙashin ƙirji da aka ɗaure da waya yana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, tari ma sai ya rungume matashi, ƙafar da aka ciro jijiya ta kumbura, kusan ɗaya cikin uku harbawar zuciyarsu ta rikice na ɗan lokaci a kwanakin farko, wasu kuma su yi makonni suna mantuwa da rashin tattara hankali. Shi sallah a zaune ta zame masa dole na wani lokaci, kuma shari'a ta ba shi wannan sauƙin, kamar yadda ta ba mara lafiya sauƙin ajiye azumi. Likitoci ba sa son wanda bai daɗe da bugun zuciya ko aiki ba ya ɗauki azumi. Wanda ya daɗe ya daidaita kuwa, sai ya je tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan magani, musamman wanda ake sha sau biyu a rana. Sai dai shi mai tiyata kowa yana ganin tabonsa, ana yi masa uzuri. Mai raga ba shi da abin nunawa, shi ya sa ake tsammanin ya koma kasuwa ranar Litinin kamar ba abin da ya faru.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu zuwa ƙasar waje. An yi aikin da kyau, an ba su maganin wata uku, sun hau jirgi, likitan da ya san cikin jijiyarsu yana can bayan teku. Kafin a bar asibitin, ko na gida ko na waje, a karɓi takarda mai ɗauke da ranar aiki, da jijiyar da aka buɗe, da irin ragar da adadinta, da ainihin sunan kowane magani ba sunan kamfani kawai ba, da ranar da aka yarda a daina na biyun cikin masu tsinka jini. A nemi faifan hoton ma. Sannan tun kafin maganin ya ƙare a samu likitan zuciya a kusa wanda zai karɓi ragamar, kuma a zuwan farko, bayan an auna jini an duba wurin huji, wanda ya rako majiyyacin ya faɗa wa likita yadda yake barci da yadda yake ci, ko da shi mai jikin ya ce lafiya lau.